Lahadin da Na Buɗe wa Baƙi Gidanmu na Kabong

Ni na sa gidanmu a intanet. Ba wanda ya aike ni, ban kuma yi shawara da kowa ba, saboda haka abin da ya biyo baya ba ni da wanda zan ɗora wa.

Gidan yana Kabong, a Jos. Baba ya gina shi da kuɗin ɗinki tun ba a haife ni ba. Ɗaki huɗu, tsakar gida mai siminti, bishiyar piya, da wata 'yar ƙofa ta baya da ke fita wajen duwatsu. Bayan rikici, Musulmin layinmu suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba mai yin sallama. Sai dai ka wayi gari ka ga an sauya labulen taga. Baba ya rasu, yayyena biyu suna Legas, gida ya rage daga ni sai Inna da hawan jininta.

Da wani zai wuce a guje ta ƙofar gida, Inna ta miƙe ke nan ta yayimi mayafi da jakar magungunanta. Ko akuya ce ta tsinke ake bin ta. Na gaji da ganin haka. Na kira yayyena na ce a sayar, mu koma wajen Titin Bauchi kusa da Kawu. Suka ce to, amma a bi ta hannun Baba dillali.

Baba dillali abokin mahaifinmu ne, tsoho mai sanyin jiki, irin wanda gaisuwarsa kaɗai sai ta cinye maka hantsi. Ya zo ya zauna, ya sha shayi, ya kalli rufi.

"Sai an fara gaya wa maƙwabta," in ji shi. "Haka ake yi. Daga nan sai na duba wanda zan kawo muku, in san ɗan wane ne, in san inda ya fito."

Na ce, "Baba, gida fa za a sayar, ba aurar da ni za a yi ba. Mene ne na binciken asali?"

Inna ta harare ni. Shi ko murmushi ya yi. "'Yata, la'adar da ake ba ni ba don nuna ɗaki ba ce. Don in san mutumin da zai taka ƙofarku ne."

Na ɗauke kofin shayin tun bai ƙarasa ba.

Maganar maƙwabtan nan ita ce ta tsaya mana a wuya, kuma maƙwabciya ɗaya ce, Maman Tagwaye, da muke katanga ɗaya da ita. Kirista ce, 'yar ƙasa, ta girmi Inna kaɗan. Lokacin rikici ita ta shigar da mu ɗakinta kwana biyu, bayan buhunan acca, ta ɗaura wa Inna zanin zumuntar matan cocinsu. Da ƙura ta lafa ta riƙe hannun Inna ta ce kowa ya tafi amma ban da mu. Inna ta yi mata alkawari. Yanzu kuwa duk dare Inna ba ta iya barci, amma in na ce a gaya wa matar, sai ta ce, "Da wane ido zan kalle ta?"

Sai na ce to kada ma a kalle ta. A sayar a asirce, ta ji ranar da mota ta zo kwasar kaya. A lokacin dabara na ɗauki wannan.

Tun da na gama sakandare nake zuwa wani shagon intanet a Titin Bauchi, inda ɗaliban jami'a ke cika. A can na ga wani dandali da mutane ke tallar motoci da filaye. Na ɗauko mai hoto na ce masa yayyena zan aika wa, ya ɗauki gaban gida, tsakar gida, ɗakuna, har ƙofar baya. Na sayi awa guda na zauna na rubuta tallar da Turancina. Na kwatanta hanya tun daga bakin titi. Na sa lambar wayata. Na yaba ƙofar baya, na ce tana da amfani. Don kuma mai saye ya san ba 'yan haya da zai sha wahalar fitarwa, ba rigimar magada, sai na ƙara da cewa: ba dillali, mu biyu ne kawai a gidan, ni da mahaifiyata, kullum muna nan, da ni za a yi magana.

Na karanta ta sau biyu. Rubutun kalma ɗaya kawai na gyara.

Kiran farko na 'yan damfara ne, wani wai yana ƙasar waje zai turo kuɗi in na ba shi lambar asusu. Na zage shi na kashe. Bayan mako biyu wani ya kira. Murya a natse, Hausa tas, yana ɗan jefa Turanci kamar kowa a Jos. Ya gaishe ni, ya tambayi jikin Hajiya. Ban ce masa ba ta da lafiya ba, amma na ɗauka gaisuwa ce.

"Katangar baya, tsawonta ya kai mutum?"

"Ta ɗan ɗara."

"Akwai kare?"

"Kare a gidanmu? Malam, gida kake nema ko gidan gona?"

Ya yi dariya. "Ƙanwata ke nan. To wace rana ce layin ya fi yin shiru? Ni mutum ne da ba na son idon jama'a a kan harkata."

Har raina na ji daɗi, don ni ma abin da nake so ke nan. Na ce, "Lahadi ƙarfe goma. Duk layin suna coci, ba sa dawowa sai bayan sha biyu."

Sai da na ajiye wayar na tuna bai tambayi kuɗin gidan ba. Na ce ƙila mai hali ne.

Da safen Lahadin na gaya wa Inna. Ta dube ni ta daɗe. "Ɗan wane ne?"

"Inna, mai saye ne."

"Na ji. Ɗan wane ne?"

Na ɗauki tsintsiya.

Su biyu suka zo. Motar ba su kawo ta ƙofar gida ba, can ƙasan layi suka bar ta, sun juya hancinta ta kallon titi. Riga da wando suka sa, ba hula, ba sarƙa, ba abin da zai gaya maka daga ina suke. Dogon shi ne mai wayar. Ya yi sallama yadda ake yi, ya rusuna wa Inna. Ɗayan gajere ne mai kauri.

Na fara nuna ɗakuna ina zuba kamar mai tallar magani. Ga silin sabo, ga rijiya ba ta ƙafewa ko da rani. Dogon yana gyaɗa kai, amma ba silin yake kallo ba. A ɗakin Inna idonsa na kan akwatinta da ƙarfen taga. Da muka fito tsakar gida sai ya wuce kai tsaye wajen ƙofar baya kamar wanda ya taɓa zama a gidan. Ya zare sakatar, ya mayar, ya sake zarewa. Ya leƙa duwatsun.

"Yayyenki suna zuwa akai-akai?"

"Da salla."

"Da salla," ya maimaita.

Daga cocin da ke saman layi ana jin ganga da waƙa, an ƙure lasifika. Kullum Lahadi nake jin wannan sautin, ban taɓa auna ƙarfinsa ba sai ranar. Na lura ko ihu na kurma ba mai ji. Na waiwaya. Gajeren bai biyo mu ba. Yana tsaye a zaure, tsakaninmu da ƙofar fita, kuma ina kallo ya sa dunduniya ya tura ƙofar a hankali har ta rufe.

Inna tana zaune a kan tabarma. Hannunta ya riga ya kai kan jakar magungunanta.

Na ce, "Malam, ba ka tambayi farashi ba."

"Za mu zo nan," in ji shi. "Hajiya ta ɗan shiga ɗaki mana, mu yi magana."

A nan aka buga ƙofa. Ba da hannu ba, da sanda, sau uku, kamar za a ɓalla ta.

"Kai, mutanen gidan nan! Wa ya rufe ƙofa da rana tsaka?"

Maman Tagwaye ce. Gwiwarta ta hana ta zuwa coci, tana zaune bakin taga ta ga motar da yadda aka ajiye ta. Gajeren ya dubi dogon, sannan ya matsa. Ta turo ƙofar ta shigo tana ɗingishi, ta bar ta a wangale, ta ja kujera ta zauna daidai bakin zauren. Ita kowa "kai" take ce masa, mace ko namiji.

"Kai yarinya, kawo mini ruwa. An tashi coci da wuri yau, maigida na tafe da mazan layi, za su biyo su gaida Hajiya." Ƙarya take yi, gangar ma ba ta tsaya ba. Ta juya kan baƙin. "Sannunku, yarana. Yaran wane ne ku?"

"Daga Bukuru muke, Mama."

"Bukuru ina? Na tsufa ina sayar da dankali a kasuwar Bukuru. Gidan wa?"

"Ba za ki sani ba, Mama."

"Gwada ni."

Ya yi murmushi. Ta yi musu magana da yarenta, ba wanda ya amsa. Ta koma Turancin kasuwa, ta tambayi wane coci ko wane masallaci suke zuwa. Dogon ya duba agogo ya ce suna da wani wurin zuwa. Da ya zo wucewa ta gabana sai ya rage murya.

"Gidan ya yi mana, ƙanwata. Za mu dawo."

Muna jin motar ta tashi, na zauna a ƙasa. Maman Tagwaye ba ta sha ruwan ba. Ta ce in gaya mata su wane ne. Na gaya mata komai, har abin da na rubuta. Ta sa na maimaita mata wajen "mu biyu ne kawai". Sai ta juya ga Inna.

"Hajiya, ashe ni ake ɓoye wa."

Inna ta rufe fuska da mayafi.

"Da kun gaya mini, kuka zan yi, in gama, in nemo muku mutumin kirki. Ni ba dutse ba ne, na san tsoro." Ta dafa sandarta ta miƙe. "Da, ba dole ku tashi ba. Yanzu dole ne. Ku kwaso abin kwanciya ku zo gidana."

Washegari na je wajen Baba dillali. Na shirya ya yi mini gori, bai yi ba, kuma da ya yi ɗin da ya fi mini sauƙi. Ya sa na kwatanta masa su, da motar, da yadda suke magana. Kwana uku yana yawo, tasha-tasha, shago-shago, har Bukuru. Maman Tagwaye ta bi ta nata ɓangaren, ta tambayi matan zumunta. Ba wanda ya san su. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. A Jos ko ɓarawo yana da wanda zai ce ya san uwarsa. Har yau ban san ko 'yan fashi ba ne, ko masu duba gidaje ne saboda wata rana, ko na wane ɓangare ne. Ni dai na san ni na ba su rana da lokaci.

Na koma shagon intanet in goge tallar. Kalmar sirrin da na buɗe shafin da ita a bayan tikitin awa na rubuta ta, tikitin kuwa na yar tun ranar. Na gwada duk abin da na tuna. Mai shagon ya zo ya gwada, ya ɗaga kafaɗa. "Sista, sai dai ki rubuta wa masu dandalin." Na rubuta sau uku, ba amsa.

A cikin makon muka koma gidan Kawu. Ranar kwasar kaya Maman Tagwaye ta kawo wa Inna acca a ƙullin leda, suka rungume juna suna kuka a gaban kowa. Ni ba ta ce mini komai ba, ko kallona ba ta yi ba.

Baba dillali ne ya sayar da gidan daga baya, ga wani malamin makaranta, ɗan ƙanen mijin Maman Tagwaye, mai mata da 'ya'ya uku. Ranar sa hannu a gaban mai unguwa, Kawu ya taka mini ƙafa don in yi shiru, amma na gaya wa malamin cewa hoton gidansa da kwatancen hanyarsa suna intanet, kuma ba zan iya cire su ba. Ya ce ya gode. Kafin su tare ya sa aka toshe ƙofar baya da bulo.

Bayan kamar wata biyu, ina wanke-wanke da hantsi a gidan Kawu, wayata ta yi ƙara. Ba lamba a fuskarta.

"Ƙanwata, ya jikin Hajiya?"

Muryar dogon ce.

"Na ga kun toshe ƙofar baya."

Na zare layin wayar na karya shi biyu na jefa a kwata. Na sa mayafi na hau bas zuwa Kabong, karo na farko tun tashinmu. Maman Tagwaye na bakin tagarta. Na gaya mata abin da ya ce. Ta dube ni, ta ɗauki sandarta, ta ce, "Mu je ka faɗa wa malam da bakinka." Maganar farko ke nan da ta yi mini tun ranar Lahadin.

Na ci gaba da zuwa shagon intanet lokaci-lokaci, ba don komai ba sai in duba. Kullum tallar na nan. Ga bishiyar piya, ga tabarmar Inna a gefen hoton, ga ƙofar baya a buɗe, kuma a ƙasa ga rubutuna yana cewa mu biyu ne kawai a gidan, kullum muna nan.