Anghel Zisu, Matuƙin da Ya Ƙi Sauka

Ƙarfe shida na safe, ana ruwa ko ana ƙanƙara, tsohuwar motar nea Anghel Zisu, wato baba Anghel, ta riga ta tsaya a inda ta saba, bayan rumfar jirage a ɗan filin jirgin nan da ke kudu da birnin Constanța. Ba ya fara shiga ofis. Wajen jirginsa mai saukar ungulu yake fara zuwa, ya zagaya shi yana shafawa da tafin hannu, ya leƙa ƙarƙashi, ya ɗaga kai ya bi fukafukan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sai ya tsiyayi mai kaɗan a kwalba, ya ɗaga saitin haske ya duba ko ruwa ya shiga. Bayan nan ne zai karanta rahoton yanayi a tsaye, baƙin kofi a hannu ɗaya, burodin covrig a ɗayan. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, yana kwasar mu ma'aikatan haƙar mai zuwa dandamalin ƙarfen da ke tsakiyar Bahar Aswad, yana dawo da mu gida. Juma'ar da ta wuce ya yi tashinsa na ƙarshe. Kamfani ya aiko masa da takardar godiya mai layi uku. To, tunda su bakinsu ya yi nauyi, bari mu da muka zauna a bayansa cikin rigunan roba, gwiwa na gugar gwiwa, mu faɗi abin da muka gani.

Popa muke ce masa, wato fadan coci, saboda yadda yake karanta katin bincike. A kan katin nan an jera duk abin da za a duba kafin a tashi da kafin a sauka. Matuƙi ɗaya ya kira abu, ɗayan ya ɗora yatsa a kai ya amsa. Nea Anghel ya haddace shi tun wasunmu suna makaranta, amma bai taɓa yin sa da ka ba. Layi-layi yake bi da yatsa, da murya ɗaya, ko an makara ko ba a makara ba. Mukan tsokane shi kafin a rufe ƙofa.

"Popa, a taƙaita mana huɗubar yau mana, sanyi muke ji."

"Mai sauri ga teku nan," yakan ce ba tare da ya waiwayo ba. "Kilomita tamanin ne kawai, ka iya iyo ai."

Akwai ƙa'idoji biyu a ɗakin tuƙin nan da ya kamata mai karatu ya riƙe. Ta farko, ba a sauka a kan dandamali sai an karanta sunansa da ke rubuce a daɓen sauka, da baki, kowa ya ji. Duk dandamalan nan kamanninsu ɗaya daga sama, kuma in ka sauka a wanda bai shirya maka ba, kana iya tarar da ƙugiyar ɗaga kaya tana lilo a inda fukafukanka za su bi. Ta biyu, duk wanda ya ce "a fasa" cikin matuƙan biyu, babba ne ko ƙarami, mai riƙe da jirgi zai ɗaga shi sama nan take. Ba tambaya, ba musu. Musu sai an dawo ƙasa. Kowane kyaftin ya yarda da wannan a aji. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Miyar ta ƙare ne shekara tara da suka wuce, ranar Asabar ɗin jajibirin Ista. Mu goma sha biyu muna kan dandamalin Otilia, mun cika mako biyu, jakunkunanmu a ɗaure tun da sassafe. A gida an rina ƙwai ja, an gasa burodin biki na cozonac, naman ɗan rago na jira. Hazon teku kuwa ya kwanta tun safe, yana buɗewa yana rufewa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka ji ƙarar jirgi. A kujerar dama nea Anghel ne. A ta hagu akwai mataimakiyarsa Ruxandra Oprișan, wadda wata huɗu kacal ta yi a aikin teku, kuma ba a ma tabbatar da ita ba.

Hazo ya ɗan tsage, daɓen sauka ya bayyana. Nea Anghel ya san Otilia kamar yunwar cikinsa. Ya san tsatsar da ke ƙafarta ta kudu, ya san tankin da ya lotsa. Ya fara gangarowa. Ruxandra ta leƙa don ta karanta sunan, sai ta ga harafin farko kawai, sauran duk kashin tsuntsayen teku ya rufe su fari fat. Kusa da Otilia kuwa akwai abokiyar tagwaicinta Ortansa, harafin farko ɗaya, kuma a ranar ana aikin ɗaga kaya a kanta.

"Ban ga suna ba," ta ce. "A fasa."

Mu da ke ƙasa mun ga tayoyin jirgin. Mun ga fuskar nea Anghel ta gilashi. Sai muka ga hancin jirgin ya sunkuya, ya yi gaba, ya yi sama. Kafin su zagayo hazo ya haɗe gaba ɗaya, man da ya rage kuwa na komawa tudu ne. Kwana uku hazon nan bai ɗaga ba. A ɗakin cin abinci na dandamali muka yi Ista da kifin gwangwani, kuma babu irin zagin da ba a yi wa Popa ba. Ba zan ɓoye ba, muryata tana cikin waɗanda suka fi tashi. Ba wanda ya tuna a lokacin cewa wanke daɓen nan aikinmu ne, kuma mun yi kwana biyar muna cewa sai gobe. Laifi tudu ne.

Ranar Laraba manajan zirga-zirga, domnul Pârvu, wato yallaɓai Pârvu, ya kira su biyun ofis. Ruxandra ce ta ba mu labarin da bakinta daga baya. Kamfanin mai ya yi ƙorafi, ana neman wanda za a shafa wa kashin kaji, ga kuma sabuwa wadda ba ta da kowa. Rahoto na kan tebur an riga an buga shi, yana cewa mataimakiya ta firgita ta sa an yi asarar tafiya. Hannun kyaftin kawai ake jira. A watan ne kuma ake shirin naɗa nea Anghel shugaban matuƙa, kowa ya sani.

"Anghel, tsakaninka da Allah," in ji Pârvu, "Otilia ce ko ba ita ba ce?"

"Ita ce."

"Ka san ita ce a lokacin?"

"Na sani sarai."

"To me ya hana ka sauka? Shekararka ashirin da biyu a tekun nan, yarinyar jiya ta ce ka fasa, ka fasa?"

"Ba yarinyar jiya ba ce, domnule, matuƙiya ce. Ku kuka ba ta kujerar. Aikinta ta karanta suna, ba ta ga suna ba, ta faɗa. Me kake so ta yi, ta karanta abin da ke cikin kaina?"

"Amma ai kuskure ta yi."

"Ba ta yi ba. Ko da ma ta yi, sai na fasa. Ni ma mutum ne, wata rana zan rantse cewa na sani, alhali ban sani ba. Ran nan wa zai tsayar da ni? In ka kore ta yau, gobe duk mai zama a kujerar hagu ya koyi darasi. Gani ga wane ai ya ishi wane. Za su ga abu su haɗiye, ni kuma ba zan ɗauki mutum goma sha biyu in zauna kusa da wanda aka koya wa shiru ba."

Pârvu ya tura masa biro. "Ka yi tunani dai. Kujera na jiranka."

Nea Anghel ya karɓi biron, ya juya takardar, ya rubuta a bayanta cewa shi kyaftin ne ya fasa sauka bisa ƙa'ida, kuma mataimakiyarsa ta yi aikinta daidai. Ya sa hannu. Sannan ya cire katin shiga fili daga wuyansa ya ajiye a kai.

"In ta tafi, ga wannan ka haɗa da nata."

Ba su kore ta ba, kuma kada wani ya ce kirki ne ya hana su. Lokacin aiki ne, ba su da kyaftin da zai maye gurbinsa. Amma sun rama. Kujerar shugaban matuƙa ta wuce shi a shekarar, ta sake wuce shi sau biyu, duk ta faɗa hannun mutanen da shi ya koya musu sauka a kan ruwa. Aka yi ta raɗa cewa Zisu taurin kai gare shi, ba ya jin maganar na sama. Wannan kam gaskiya ne. Ta na ƙasa yake ji. Ban kama sunan kamfani ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Nea Anghel, kai ne ka san kana da gaskiya, ka ajiye gaskiyar taka ka ɗaga jirgi. Abin da ya fi ba ni kunya ke nan, kuma shi ya fi burge ni. Bin maganar ƙarami a ranar da ya fi ka gani ba abin a zo a gani ba ne, kowa zai iya. Kai ka bi ta a ranar da kai ka fi ta gani, ga mutum goma sha biyu suna ɗaga maka hannu a ƙasa, ga muƙami yana jiranka a tudu. Dutse, ba a tura ka. Ka sha zaginmu ba ka taɓa ce mana ku je ku wanke daɓenku ba, sai da muka gano da kanmu.

Ruxandra kyaftin ce yanzu. Kafin ta koma kujerar dama ta sake cewa "a fasa" sau huɗu. Sau uku ba komai, sau ɗaya kuwa an bar igiyar kaya a kwance a daɓen sauka. Da na kawo wa nea Anghel wannan labari a ranar sallamarsa, ina zaton zai yi murna an wanke shi, sai ya haɗe rai.

"Kai ma ba ka gane ba, Costică," ya ce. "Ba don wata rana za ta yi daidai na tsaya mata ba. Sau ukun nan da ba komai, su ne aikin."

Mun gode, nea Anghel. Matanmu sun gode, 'ya'yanmu da ba su san sunanka ba su ma sun gode. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka. Ku kuma masu riƙe da wani abu, jirgi ne ko asibiti ko ɗan shagon walda, akwai wani a gefenku yau da ya ga abu yana auna ko ya faɗa. Ba ƙa'idar da ke bango yake dubawa ba, yana tuna abin da kuka yi wa wanda ya faɗa kafin shi. Nea Anghel ya sadaukar da kujerarsa don bakin na ƙasa ya zauna a buɗe, kuma cikin shekara talatin da ɗaya, duk wanda ya ɗauka da ƙafarsa ya sauka.