Tanti Kaltume, wadda ta tayar da uku bisa huɗu tsaye

Ƙarfe bakwai da rabi, in ka bi layin tasha a Magarya, za ka tarar da Tanti Kaltume tana yaye tsohon zanen da take lulluɓa wa ordinatarta, wato kwamfuta, a hankali kamar mai tayar da jariri. Ta goge na'urar, ta goge tabaraunta, ta jefa wa Shatu mai ƙosai gaisuwa ta taga, sannan ta zauna. In akwai kuran, wato wutar lantarki, aiki. In babu, masifa, kuma wanda ya fara shigowa shi zai sha. Shekara talatin da ɗaya tana buga wa mutane takardu, tun zamanin daktilo, keken rubutu mai ƙara kamar ana sussukar hatsi. Katin biki, takardar neman aiki, tambayoyin kompozisiyon, wato jarrabawa, na malaman lakwal, makarantun boko, tun daga Dantchiao har Mallawa, duk ta hannunta suka bi. Ƙarshen watan nan za ta ajiye, don idanun sun ce su ma sun gaji.

To kafin ta ajiye, bari a tona mata abin da ita ba za ta faɗa ba.

Shekara huɗu da suka wuce, Mushe Ukasha, wani matashin malami mai riƙe da ajin ƙarshe a wani ƙauye bayan Guci, ya sauko daga kabu-kabu da fuska kamar wanda aka fizge wa waya.

"Tanti, ina ga korata za su yi."

"Me ka sata?"

"Da sata ce ai da na san laifina. Wata biyu ina koya wa yara fraksiyon. Kompozisiyon ta zo, cikin arba'in da ɗaya uku ne suka taɓa tambayar. Sauran sun bar wajen fari fat."

Ɗan Azumi, shugaban iyayen yara, ya riga ya faɗa a ƙofar masallaci: in ta gaba ta sake fitowa haka, da ƙafarsa zai je ya nemi a canza musu malami. Saura mako uku.

Tanti ta karɓi takardar tambayoyin. Ita ta buga ta. Ga 3/4, ga 2/5, babu kuskure ko ɗaya. Da wani ne sai ya ce, "Abin da aka ba ni na buga," ya juya ga shayinsa. Ita kuwa ranar kasuwar Guci ta rufe butiki, ta matsu a mota tsakanin buhun wake da wata akuya marar kunya, ta je ajin da kanta.

Ta sa Mushe ya rubuta a tablo, allon ajin. Ya sa uku a sama, ya ja layi, ya sa huɗu a ƙasa. Hannuwa suka tashi, har da masu tsalle. Sai ta miƙa wa wata yarinya, Nazifa, takardar da aka buga.

"Wannan fa, ƴata?"

"Ba a koya mana shi ba."

"Ai shi ne na tablo."

Nazifa ta dube ta da tausayi. "A'a, Madam. Namu a tsaye yake. Wannan a kwance yake, kuma sandarsa ta karkace."

Littafi ɗaya ne a ajin, na Mushe. Yaran nan tunda suke a tablo kaɗai suka taɓa ganin fraksiyon, ɗaya bisa ɗaya. Tanti ta fara dariya, sai ta tsaya. Ta tuna zamanin daktilo, yadda take murɗa takarda rabin layi ta buga na sama, ta ja layi, ta murɗo ta buga na ƙasa. Da ordinata ta zo sai ta daina, don kwance ya fi sauri.

"Mushe, ɗaga kanka," in ji ta. "Ni na kwantar da shi, ni zan tayar da shi."

Ta fara da barin fili ta cike da bik, wato biro, sai fotokopi ta cinye rabin layukan. Ta gwada akwatin lissafi na cikin ordinata, ya wage rubutun, shafi ɗaya ya koma biyu, malamin ƙauye kuwa ba shi da takardar ɓarna. Sai ga Tanti, mai cewa waya ce ta lalata yaran zamani, kwana huɗu da waya a hanci tana kallon wani mai bayani da Faransanci.

"Kaltume, saurayi kika yi?" Shatu ta tambaya ta taga.

"Na yi. Sunansa uku bisa huɗu, kuma taurin kai gare shi."

Abin da ta gano shi ne wasu salon haruffa suna da dabaru a ɓoye cikinsu, sai ka kira su suke fitowa. A gurbin da ake zaɓar salo, bayan sunansa, ka sa ɗigo biyu ka rubuta frac. Salon farko ya yi banza da ita. Na biyu ma haka. A na biyar lambobin suka ƙanƙance, uku ya ɗan hau, huɗu ya ɗan sauka, amma sandar tana nan a karkace. Ta ƙara =2 a ƙarshe. Uku ya haye kan huɗu daram, layi a miƙe a tsakani, bai ture rubutun sama ba, bai taka na ƙasa ba.

Ta buga, ta miƙa ta taga. "Shatu, ke da ba ki yi lakwal ba, me kika gani?"

"Wani ya hau kan wani, da tabarma a tsakaninsu."

"Kin ci. Ba ni ƙosai biyu in yi murna."

Ba ta tsaya nan ba. Ta buga wa ajin takardar gwaji, na tsaye da na kwance gefe da gefe, don kada su je koleji a sake kwantar musu da shi su gudu.

Kompozisiyon ta zo, talatin da huɗu suka ci. Ranar Asabar sai ga Ɗan Azumi a ƙofar butiki da zabi biyu.

"Hajiya, an ce ke kika gyara mana yara."

"Yaranku lafiyarsu ƙalau, Alhaji. Takardata ce ba ta da lafiya. Ajiye zabo ɗaya. Ɗayan na Mushe ne, kuma da hannunka za ka kai masa."

Ya kai. Mushe Ukasha yana ƙauyen har yau, ya ma yi tumbi.

Tanti, ke ce kika ga laifi a takardar da babu kuskure a cikinta, kika ce naki ne. Ke ce kika rubuta dabarar da manyan baƙi a jikin kwali, kika liƙa a bango inda kowa zai kwafa, har masu butikin da ke ƙwace miki mutane, har na Dungass kika aika wa. Uwar haruffa, mun sha masifarki, kuma za mu yi kewarta. Mun gode, Allah ya ƙara wa idanun nan haske.

Ku kuma samarin da za ku gaji kujerar, masu yatsu kamar walƙiya, kafin ku danna bugawa ku tambayi kanku wa zai karanta. In ba ku sani ba, motar Guci tana tashi ranar kasuwa. Akuyar ma tana nan.