Tsohon da Ke Shiga Jirgi a Ƙarshe

Ga shi can a bakin kogin Weser, cikin masu jiran jirgin fito. Dogon tsoho ne, ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka, irin na wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sirdi. Takalmansa har cinya, sun sha faci amma suna ƙyalli. Jar ɗamarar da ke kafaɗarsa, irin ta shugabannin sojan doki, ta koɗe. Doki kam babu, sai sanda.

Shi ya riga kowa zuwa, amma da jirgin ya iso sai ya ja gefe yana nuna mana hanya da sandar. Wata mai kabeji ta shiga, sai maƙeri da matarsa, sai wata tsohuwa rungume da agwagwa. Leɓɓan tsohon na motsi. Ƙirga mu yake yi.

Jost mai fito ya ɗaga murya: "Kanar, shigo mana! Shekara ashirin da gama yaƙi, ba mai bin mu sai hadari."

"Rufe mini baki, Jost. Da saura."

Ashe ni ce sauran, na shagala da kallonsa. Na ce, "Baba, wuce, ƙafarka na ciwo."

Ya cire mini hula. "Shiga, 'yata. Sau ɗaya na taɓa riga mutanena haye kogi."

Na shiga. Ya waiwaya ya daɗe yana duban gaɓar da babu kowa, sannan ya ɗago ƙafa.