Hannun Mai Madubi

Mijin yayata ya shekara goma sha ɗaya bai ɗauki hutu ba, kuma kar wani ya yi masa shaidar son aiki. Mutum ne da zai iya gyangyaɗi a tsaye yana jiran a buɗe masa ƙofa. Abin da ya ɗaure shi hannunsa ne, wai yana da albarka.

A ma'aikata ɗaya muke ni da shi. Muna da rassa talatin da wani abu, kowanne da kwamfutocinsa, intanet ɗinmu kuwa siriri ne kamar zaren ɗinki. Saboda haka ba a barin kowace kwamfuta ta fita waje neman sabunta manhajarta. Akwai rumbu guda a hedikwata, kwafin babban rumbun da ke waje, irin wanda a sana'armu ake ce wa madubi. Kullum da safe sai wani ya jawo sababbin ƙunshin manhaja daga waje zuwa rumbunmu, sannan ya saki jerin abin da ya iso, kwamfutocin rassa su duba jerin kowacce ta ɗebi rabonta. Jawowa da saki, aikin ke nan gaba ɗaya. Wannan wanin kuwa mijin yayata ne, shi ya sa har masu gadi Mai Madubi suke ce masa. Wata gwaggonmu ta taɓa aiko masa da saƙo ya zaɓo mata dogo, na jinginawa a bango.

Takwas saura kwata zai iso, ya ɗora hular ulu, ya zura wata tsohuwar rigar sanyi mai aljihu huɗu, ya shige ɗakin da manyan kwamfutocin suke, wanda muke ce wa ɗakin sanyi, ya murza makulli ta ciki. Ba mai binsa, don ɗakin ba wurin zama ba ne, ga sanyi ga ƙarar fankoki. A jikin ƙofar akwai takardar da ya rubuta da hannunsa, an haramta shiga da waya, a ƙasa kuma ya ajiye wani ɗan kwando. Har wayar babban darakta ya taɓa sa wa a kwandon nan, ranar da aka kawo baƙi zagaye. Wajen tara saura zai fito yana murza tafin hannu, fuskar nan a ɗaure sai ka ce likitan da ya gama tiyata, ya ce an saki.

Sau uku ana koya wa wasu aikin don ya samu ya huta. Ya zaunar da su, ya rubuta musu matakan a takarda, guda shida ne kacal. Sau ukun nan duk rassa sun yi ta kira suna kuka, kwamfutocinsu na neman ƙunshin da jeri ya ce yana nan, su tarar babu. A na ƙarshen har ya shiga motar tafiya, ya samu kujerar taga, ya sayi ruwansa, aka tura direban ofis ya sauko da shi. Ya dawo da jakarsa a kafaɗa, ya shiga ɗakin sanyi, ya fito komai ya daidaita. Daga ranar magana ta zauna cewa abin a hannunsa yake. Shi ma ya yarda. Na sha ganinsa a gida yana ƙin ɗaga buhu, wai kar ya gurɗe yatsa a shiga uku.

To ga inda abin ya daina ba ni dariya. Yana da tsohuwa, Inna, shekarunta sun haura tamanin, tana can garinsu, tafiyar kwana biyu a mota. Ido ɗaya ya daɗe da mutuwa, ɗayan kuma likita ya ce watanni ne suka rage masa. Ta aiko a gaya wa autanta, don shi ne auta da furfurarsa da komai, cewa tana so ta ga fuskarsa tun idon na gani. Ya kai wa Oga, shugaban sashenmu, takardar neman hutun mako biyu. Oga ya karanta, ya dafe kai, ya ce ba zai iya rufe rassa talatin ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: a sa inji ya riƙa jawowa da sakin da kansa, idan ya yi safiya biyar a jere ba matsala, Mai Madubi ya tafi. Ya waiwayo ya ce ni zan rubuta tsarin.

Na ce wannan ai aikin yini ɗaya ne. Na faɗa a gaban mutane, da ƙarfi, har da kaɗa biro, Allah ya yafe mini.

Na karɓi matakan nan shida na mayar da su umarnin da kwamfuta za ta bi da kanta ƙarfe takwas na kowace safiya. Na gwada a wani ƙaramin rumbun gwaji mai ƙunshi goma sha biyu, ya tafi sumul. Yayata har ta sauko da akwati ta fara goge masa kaya.

Ranar Litinin tara da minti biyar wayar farko ta shigo. Kafin goma layukan ofis duk sun ɗauki zafi. Mai Madubi ya shiga ɗakinsa, ya murza makulli, ya fito an saki, komai lafiya. Talata haka, Laraba haka. Na zargi igiyoyi, na zargi agogon kwamfutar, na zargi ma'ajiyar bayanan, har mai shara na tsare da tambaya ko tsintsiyarta ta taɓa wani abu, ta ce ita ko ƙofar ba ta taɓa leƙawa ba. Rajistar da kwamfutar ke rubuta aikinta a ciki kuwa kowane mataki lafiya take nunawa. A wurin cin abinci na ji ana cewa inji ba ya gadon albarka, wani ma ya kawo shawarar a ɗauki hoton tafin hannun a liƙa a jikin kwamfutar. Shi kuma gogan naku ya rasa inda zai sa kansa. Idan aka yabi hannun sai ya ɗan kumbura, idan ya tuna Inna sai ya yi laushi. Ranar Laraba da yamma na same shi a gida zaune kusa da akwatin da aka haɗa rabi, ya zuba masa ido, shayinsa ya huce bai taɓa ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni.

Na ce masa gobe tare za mu shiga ɗakin sanyi, in ga abin da hannun nan yake yi da idona. Ya ce sanyin zai kama mini ƙirji. Na ce ina da rigar sanyi. Ya ce ƙa'ida ba ta yarda mutum biyu ba. Na ce ya nuna mini inda aka rubuta. Ya koma ta wajen yayata wai ta yi mini magana, ƙanwarta ba ta da kunya. Ta ce ai tun ina goye ta san haka, ta ci gaba da ninke kaya.

Alhamis na kashe tsarina, na ajiye wayata a kwando, muka shiga. Ya zauna, ya yi bisimilla, ya miƙe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya buga umarnin jawowa, allo ya ce an karɓa. Ya saci kallona, ya kalli agogo, ya taɓa aljihun ƙirjinsa, ya janye hannun. Sai ya buga sauran matakan a jere, ya saki. Duka-duka minti huɗu. Na tambaye shi, to sauran lokacin da kake yi a nan fa? Ya ce nazari.

Ba mu kai ga cire rigunan sanyi ba rassa suka fara kira. Karo na farko a shekara goma sha ɗaya, hannun da kansa ya ɓata aiki. Ya tsaya a tsakiyar ofis yana juya shi, ciki da baya, kamar wanda aka ba wa canjin jabu.

Ina cikin wannan sai wayata ta yi ƙara, yayata ce, muryarta a sama.

"Ke, me ya sami mijina? Inna ta kira ni tana kuka, wai ko mutuwa ya yi ake ɓoye mata."

Na ce ga shi nan tsaye da ransa, me ya kawo zancen mutuwa?

"Ta ce bai kira ta ba. Wai kullum ƙarfe takwas yake kiranta, tunda ya fara aikin nan bai taɓa fashi ba sai yau."

Na tambaye ta hirar takan kai minti nawa. Ta ce ita ina ta sani, ita ma yau ta fara ji, amma wanda ya san Inna ya san gaisuwarta kaɗai sai ta ci rabin awa, don sai ta tambayi lafiyar kowa har da maƙwabcin da ya tashi shekara biyar da suka wuce.

Na ajiye wayar a hankali. Na ja shi muka koma ɗakin sanyi, na rufe ƙofa, na miƙa masa tafin hannuna. Ya yi tsuru-tsuru. Can ya zura hannu a aljihun ƙirji ya zaro wata 'yar ƙaramar waya mai madannai, duk lambobin sun goge, an ɗaure bayanta da roba. Lamba ɗaya ce tak a cikinta.

Abin da ke faruwa ashe mai sauƙi ne har ya ba ni kunya. Idan allo ya ce an karɓa, ba cewa yake an gama ba, cewa yake ya ji saƙo, kayan na tafe a hankali ta siririn intanet ɗinmu, kuma sukan ɗauki wajen minti talatin kafin su gama sauka. Duk wanda ya saki jeri kafin nan ya yi shelar kayan da ba su iso ba. Mutum ukun da aka koya wa sun bi takarda da gaskiya, injina ma ya bi takarda da gaskiya. Shi kaɗai ne yake buga jawowa, ya zaro waya, Inna ta tambaye shi ko ya karya, ko yana rufe ƙirjinsa, ta ba shi labarin ƙafarta da na akuyar maƙwabta, minti arba'in, sannan ya saki. Shi kansa bai san jiran yana cikin aikin ba. Ya ɗauka satar lokacin ma'aikata yake yi, a ɗakin da shi ya hana shiga da waya, shi ya sa ko da wasa bai taɓa sa shi a takarda ba.

Na yi masa tas. Na ce shekara goma sha ɗaya ka hana kanka zuwa ganin uwarka saboda kana ɓoye cewa kana kiran uwarka. Ya ce in rage murya. Sannan ya ce ni da na yi digiri a kan abin me ya hana ni ganewa tun Litinin, kuma a nan gaskiyarsa ce, don rumbun gwajina ƙarami ne, kafin ka ƙifta ido ya gama sauka, ban taɓa tunanin in sa injin ya jira ba. Layi uku na ƙara: ya riƙa tambaya ko an gama, kar ya saki sai an ce masa an gama.

Ya roƙe ni kar in gaya wa Oga zancen wayar. Na ce ba zan faɗa ba, amma shi zai faɗa, don mutum ukun nan har yau ana yi musu kallon marasa kai. Ya shiga ofishin Oga kamar mai zuwa cire haƙori. Ta gilashi na hango Oga ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Injin ya yi safiyarsa biyar ba ko tari. Ni na tuƙa su a motata, shi da yayata, don ya ce bai ƙara yarda da tasha ba.

Mun isa da la'asar. Inna na zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta, 'yar ƙarama, ta fi yadda nake tsammani ƙanƙanta. Ya durƙusa a gabanta. Ta kama fuskarsa da hannu biyu ta juya ta wajen haske, ta matso da idon mai gani har hancinsu ya kusa haɗuwa, ta daɗe a haka. Sannan ta sake shi ta ce a kawo musu ruwa. Daga nan kuma shiru. Mutanen da suke minti arba'in kullum suka zauna gefe da gefe, ya ce ya jiki, ta ce da sauƙi, ta ce ya hanya, ya ce lafiya, kowa ya kama kallon ƙafarsa. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata kwana biyu na tuƙo mota don wannan.

Washegari bayan an karya muna zaune a tsakar gida, shi yana gefenta. Takwas saura kaɗan na ga ta laluba ƙarƙashin tabarma ta zaro wayarta ta ɗora a cinya, ta dafe ta da hannu. Ya kalli wayar, ya kalle ta. Sai ya miƙe, ya zaga bayan ɗaki inda aka jingine itace. Wayar ta yi ƙara, ta ɗauka tun kafin ta yi na biyu, muryarta ta buɗe tar kamar ba ita ba.

"Auta, ka karya?"

Ita ta zuba masa abincin da hannunta, ina wurin. Daga bayan ɗakin na ji shi yana cewa ya karya.

"To madalla. Bari in ba ka labari. Jiya wani tsoho mai sanƙo ya zo gidan nan, wai kai ne." Ta yi 'yar dariya, ta goge idon da bakin mayafinta. "Na kalle shi, Auta. Na kalle shi sosai, har sai da na ƙoshi."