Daminar da Jirgin Baba Ya Koyi Sukuwa

Ranar wata Alhamis ce, kasuwar Shinkafi, cikin daminar farko bayan ƙaddamar da Shari'a, jirgin fiton Baba ya fara sukuwa a tsakiyar gulbin Bunsuru. Ina zaune da ƙwaryar kwalfe ruwa sai na ga goshin jirgin ya ɗaga sama, ya faɗo tim, ya sake ɗagawa. Nonon wata Bafulatana ya kife, mata suka ɗauki salati. Ni kuwa daɗi nake ji, don ban san abin da ke shirin kuɓuce mana ba.

Sabon inji ne Baba ya sayo daga Yawuri. Da ya ga farfela na cin yashi, sai ya sa katako ya ɗaga injin. Kafin la'asar magana ta zaga gari cewa mutanen ruwa ba su son ƙarar inji. Washegari fasinjoji suka koma wa masu tuƙi da gora, har da gwaggona, wadda ba ta taɓa biyan fito ba. Da wannan jirgi muke ci, kuma sunan Baba ne a bakin kowa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Shi ko a jikinsa. "Ba iskoki na ba, zama na bai yi daidai ba," in ji shi. Ya rage kaurin katakon, ya gwada. Ya matsar da ƙusar da ke riƙe karkatar injin, ƙafar injin ta matso jikin jirgi, ya sake gwadawa da buhunan gero. Sukuwar ta ragu amma ba ta bari ba. Sai ya tsaya yana kallon wurin zama. Tun da aka raba maza da mata, mata ake turawa baya, su da tukwanensu da buhunansu, gaba kuwa tsofaffi uku ne da sandunansu.

Alhamis ta gaba ya ce mata su wuce gaba. Wani dattijo ya murtuke fuska, Baba ya ce, "Malam, an ce a raba, ba a ce wa ka gaba ba." Jirgi ya kwanta lumui har ƙetare, mashigi ya sake cika.

Yanzu Baba ya rasu, hanyar mashigin ma tsoron 'yan bindiga ya hana bin ta. Ina kewar lokacin da babbar fargabarmu a gulbin nan ita ce jirgi mai tsalle.