Irin da ya iso Salaga a makare

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Alhasan, jikan fataken goro a zangon Salaga. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, domin ban tabbatar zan iya yin adalci ba. Har yanzu ma ban tabbatar ba.

A ƙarshen yaƙin duniya na biyu, Turawan gona suka so a gwada waken suya a yankinmu. Aminin mahaifina, Dawuda, wanda ke aiki a gonar gwaji ta Yendi, shi ya lallashe shi, ya kuma yi alkawarin kawo iri da farkon damina. Mahaifina ba mai dukiya ba ne, maganarsa kawai yake da ita. Da ita ya sa maƙwabta suka keɓe filayen da suka saba sa wa gero, suka zauna jira.

Dawuda ya fara kai irin zuwa Bawku, wurin surukansa. Namu bai iso ba sai da damina ta yi nisa. Tsiron yana ƙarami marka ta same shi, ruwa dare da rana. Ganye ya yi ɗigo-ɗigo masu zoben rawaya, ya yayyage, ya zube. Gidaje da dama suka shiga rani ba wake, ba gero.

Mahaifiyata ta ce da aka taru a ƙofar masallaci, mahaifina ya dubi amininsa ya ce, "Dawuda, faɗa musu yaushe ka kawo."

Dawuda ya ce, "Haba Yaya Alhasan, ai na ce maka ka bari sai baɗi. Kai ne ka yi gaggawa."

Dawuda bai taɓa faɗa masa haka ba. Daga ranar ba a sake kiran mahaifina shaidar aure ko sulhu ba, har ya koma ga Allah.

A jami'a na karanta cewa ƙwayoyin bakteriya ne ke kawo wannan ciwon ganye, feshin ruwan sama ke watsa su daga ganye zuwa ganye, kuma shukar da ta yi ƙwari kafin marka ta fi jurewa. Na sha tambayar kaina ko Dawuda bai san haka ba. Ina iya yafe masa jahilci. Amma na surukansa ya kai musu da wuri, kuma ƙaryar ƙofar masallaci ba ta bukatar ilimin gona.

Yau waken suya ya cika kasuwannin Yendi da Saboba. Da mahaifina zai gani, ina jin zai yi murna, don shi ba mai riƙo ba ne. Ni ne mai riƙon. Kwanan baya na tsaya a wata gona kusa da gida, wani matashi da bai san ni ba ya nuna mini ganye mai ɗigo. Na tambaye shi sunan ciwon. Ya ce, "Baba, mu dai kuturtar Alhasan muka ji ana ce masa."