Injinan da Muka Raba Sau Tara

Kafin siyasa ta san da zamana, ni makanikin injin ban-ruwa ne a Wurno. Ina da rumfar kara da akwatin sifanu guda. Da an cire gero an shiga aikin rani, manoman albasa har layi suke yi a gabana. Ban yi arziki ba, amma ban taɓa kwana da yunwa ba, kuma ba a taɓa nuna ni da yatsa ba. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, samari, don haka na bar shi. Abin da na aikata nake so ku ji.

Kawu Altine ne ya rene ni, wan mahaifiyata, a wani ƙauye na bakin gulbi ta wajen Goronyo. Manomin albasa ne, ba shi da sarauta ko ta unguwa. Amma in rigimar iyakar gona ko ta rabon ruwa ta tashi, shi ake kira, kuma in ya ce ga mai gaskiya, kowa sai ya kama gabansa. Dukiyarsa ke nan a duniya, maganarsa.

Wata ranar kasuwa kansilan mazaɓarmu ya tsaya a rumfata da wani mataccen inji a bayan mota. Ya ce in shafa masa jan fenti. Na ce, "Ranka shi daɗe, wanga ai ya mutu, ba ya tashi." Ya yi dariya ya ce, "Wa yac ce maka tashi za shi yi? Hoto za a ɗauka." Ni ma na yi dariya, na ɗauko burushi. Na ce a raina fenti ne kawai, ni ban cuci kowa ba.

Daga nan na zama na hannun damansa. Mutum ne mai zaƙin baki, ba jana'izar da ke wuce shi, ba sunan da bai aika goro ba. Da zaɓe ya zagayo ya nemi majalisar jiha, ya kuwa ci. Aka daina ce masa kansila, aka koma Honarabul. Na rufe rumfata, na ɗinka manyan riguna, ya naɗa ni mai kula da kayan tallafi. Ni da nake wanke hannu da fetur, sai ga shi ana durƙusa mini.

Ana dab da zaɓe na biyu aka ba shi injinan ban-ruwa ashirin, sababbi a kwali, na manoman yankinsa. Ni na sa hannu na karɓo su. Na zaci rabawa za a yi, sai ya kira ni ɗaki ya ce, "In kab ba talaka inji yau, gobe ya manta ka. In kan nuna mai shi kaɗai, shina biye da kai har ranar ƙuri'a."

Ga yadda muke yi. A kafa rumfa, a kira maroƙa da masu kyamara, a miƙa wa kowane manomi injinsa yana ta godiya. Da manyan baƙi sun watse, bayan la'asar, sai in dawo da a-kori-kura in ce za a kai injinan a buga musu lambar gwamnati, kwana uku a maido. Mako na gaba su ne dai a wani gari. Da muka gama namu garuruwan, Honarabul ya shiga ba abokansa 'yan takara aro, ta wajen Rabah da Goronyo. Aikina in ɓare hotonsa daga jikin injinan in liƙa na wani. Sau takwas muka raba injinan nan, ba wanda ya taɓa jan ruwa ko cikin moɗa.

Na tara ya faɗo a ƙauyen Kawu Altine. Da na ga sunan garin gabana ya faɗi, amma na loda injinan, don ina tsoron a tuɓe mini rigar.

An yi taro lafiya. Da na dawo da mota, sai na iske manoma sun zauna bisa injinansu. Ashe labari ya fara iso musu daga wajen Rabah. Wani mai suna Mani ya miƙe ya ce, "Mun ji abin da anka yi ma mutanen can. Injin ga ba ya barin garin ga." Na rantse, na sake rantsewa, ba wanda ya motsa. Sai ga Kawu ya taso daga gindin bedi, wato dogon-yaro, da sandarsa. Ya dube ni ya ce, "Kai, kwana nawa kac ce?" Na ce uku. Ya juya ga jama'a ya ce, "Wanga ɗan ƙanwata na, ni na rene shi. Ba ya ƙarya. Ku ba shi, ni na tsaya mai." Shi ya fara ɗora nasa a mota, saura suka bi. Ina tuƙi ina kallonsa ta madubi yana ɗaga mini hannu.

Mutanen nan sun dogara da maganarsa, suka faɗaɗa fangalolin gonakinsu, suka dasa albasa ninkin abin da suka saba. Kwana uku ya wuce, goma ya wuce. Kawu ya yi ta kira, na sake layin waya. Daga baya na ji cewa tsohon injinsa ya riƙa kaiwa gonakin mutane bi da bi, ya bar tasa ta bushe, har injin ya ƙone. Duk da haka mafi yawan dashen ya mutu. Mutumin da ake kira raba gardama, shi yara suka riƙa yi wa waƙar ba'a a hanyar gulbi.

Da aka gama zaɓe, Honarabul ya ce injinan sun gama aikinsu, in sayar. Na kai shida Gandi ranar kasuwa. Wani mai saye ya kifa ɗaya, ya ga lambar gwamnati a jikin ƙarfen, wadda tun farko tana nan. Kafin azahar ina hannun 'yan sanda.

Na aika wa Honarabul. Kun san abin da ya yi? Ya shiga rediyo yana shessheƙa, wai ya amince da wani yaro ya ci amanarsa, ya ci amanar talakawansa. Yaro! Ni da furfura a gemu, ni da na yi masa bauta shekara da shekaru! A kotu aka nuna takardu, sa hannuna ne a kowacce, nasa babu ko ɗaya. Alƙali ya ɗaure ni shekara uku. Ban ce an zalunce ni ba, na ci haƙƙin mutane. Amma mu biyu muka yi, ni kaɗai na kwanta a siminti, kuma har gobe in na tuna raina yana tafasa.

Sau ɗaya Kawu ya zo gidan yari, da ƙullin garin rogo da ƙuli-ƙuli. Ya rame. Bai zage ni ba. Ya ce, "Tambaya guda nika yi maka. Sa'ad da nic ce musu ba ka ƙarya, ka san ƙarya kaka yi?" Na ce na sani. Ya gyaɗa kai, ya turo mini ƙullin, ya tashi.

Da na fito na tarar jam'iyya ta hana Honarabul tikiti. Kun zaci zai zauna gida ya ji kunya? Ina! Kujerar kansila ya koma, wadda ya baro shekaru baya, don shi ko turmi aka ce kujera ce zai haye. Ya gan ni a bakin tasha, ya sauke gilashi ya ce, "Makaniki, barka da arziki! Abin da yaw wuce ya wuce. Akwai kekunan ɗunki talatin na mata, ka zaka gida mu yi magana." Ko a jikinsa. Na ce masa a gaban 'yan acaɓa, "Allah shi isa tsakanina da kai, kuma Allah shi isam ma mutanen da munka cuta, har da ni ciki." Ya ɗage gilashinsa ya wuce.

Na tafi ƙauye na durƙusa gaban Kawu. Ya ce ya yafe duniya da lahira. Na bi gidajen manoman nan ɗaya bayan ɗaya, wasu suka yafe, Mani ya ce in fita masa daga zaure. Na ɗauka an rufe magana.

Ranar kasuwar Goronyo na raka Kawu da buhu huɗu na albasa. Dillali ya tambaya ko ƙasan buhun daidai yake da samansa. Kawu ya ce daidai yake. Dillalin, wanda bai kai jikansa ba, ya ce, "Baba Altine, kai kac ce kwana uku. A zazzage mu gani." Aka zazzage buhu huɗun nan a ƙasa, mutane suna kallo. Ba ruɓaɓɓiya ko ɗaya. Tsohon nan ya durƙusa yana tsince albasarsa, bai ko dube ni ba. Wallahi shekara ukun da na yi a ɗaure ba su kai wannan rana zafi ba.

Yanzu na koma gyaran inji. Ku samari masu bin motocin 'yan siyasa, ku ji ni da kyau. Duk wanda ya ce ka sa hannu shi ya ɓoye nasa, gudu ka yi. Kada ka rantse a madadin wani. Kuma kafin ka yi ƙarya, ka duba wa ke tsaye a bayanka yana cewa ya san ka. Ni alƙali ya yanka mini wa'adi, na gama na fito. Kawu Altine ba wanda ya yanka masa wa'adi, har yau zazzage masa buhu ake yi.